Kajin Gwaggo da Kajin Sabulu

A ofis Dakta ake ce masa, wasu su ce Oga. A gidan Gwaggo kuwa sunansa Sabulu.

Shi ne shugaban sashen gwamnati mai binciken ƙwayoyin cutar da ke bin nama da ƙwai su shiga cikin mutane. Aikin da ke gabansu a bana shi ne gano yadda ƙwayoyin da ke jikin kajin gona suka daina jin magani. Yana da ɗakin gwaji mai firiji uku, ɗaya na aiki. Yana da ma'aikata masu fararen riguna, da mota mai tambarin hukuma, da tulin tsinken auduga na ɗibar samfur. Kaji ne kawai ba shi da su. Duk gonar da motar ta nufa, kafin a taka birki an ja ƙofa an saki kare. Masu kiwo sun gaya wa juna cewa mutanen nan da auduga suke farawa, su ƙare da garƙama kwaɗo a ƙofar gona.

Daga sama kuma an kira shi, an ba shi kujera, an gaya masa cikin ladabi cewa in shekara ta ƙare ba gonar da ta buɗe masa, za a rufe binciken a rarraba mutanensa. Har inda za a kai shi an ambata: sashen ajiyar takardu, can ƙasan bene, jikin janareta.

Mataimakiyarsa ce ta faɗi abin da kowa ke gudun faɗa. Mace ce da ke magana ba tare da ta ɗago daga abin da take yi ba. Ta ce ai shugabar ƙungiyar masu kiwon kaji gwaggonsa ce, in ta buɗe ƙofarta saura za su buɗe. Ya ce abin da ya sa lamarin ya fi wuya ke nan.

Gwaggo ce ta raine shi tun yana famfarar haƙora, kajinta ne suka kai shi jami'a. Ɓatawarsu ta samo asali ne ranar da ya dawo daga wani dogon kwas. Ta soya masa kaza sukutum, ga baƙi cike da falo. Ya wanke hannu da sabulu. Ya sake wankewa. Sannan ya zaro wani siririn ƙarfe daga aljihun gaba, irin mai auna zafin cikin nama, ya soka a cinyar kazar, ya duba, ya ce a ɗan mayar da ita wuta. Gwaggo ta ɗauke farantin. Ba ta mayar wuta ba, maƙwabta ta kai wa. Tun daga ranar ba ta sake ajiye masa abinci ba, shi ma bai tambaya ba. Zai zo gaisuwa, ya durƙusa, ta amsa, a kawo masa ruwan roba da ba a ɓalle murfinsa ba. Sunan Sabulu kuwa ya bi shi har bakin jikoki.

Da ya je neman alfarmar, ya sami Gwaggo a bayan gidanta tana shirya ɗakin kaji, sababbin 'yan tsaki na hanya. Mijinta, Baba Direba, yana inda ya saba zama: cikin tsohuwar motarsa da ta mutu a gindin bishiya tun kafin ya yi ritaya, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje, rediyo a cinya. Aikinsa a gonar guda ne. Kullum ya zuba cokalin garin magani a tankin ruwan kaji. Ba don suna ciwo ba, don kada su yi.

Dakta ya yi mata bayani irin wanda yake yi wa manya a taro, sai dai wannan a durƙushe. Ya ce in ana ba kaza magani kullum, ragwayen ƙwayoyi ne ke mutuwa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Su bi nama zuwa kicin, daga kicin zuwa cikin yaro. Ya ce ya ga wani yaro a asibiti, gudawa ta tsotse shi, likitoci na ta sauya magani ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kama.

Gwaggo ta yi wa yaron addu'a da gaske. Sannan ta ce ita ma ta ga nata. Ta taɓa wayar gari ta tarar da rabin kajin ɗakin nan ƙafafu a sama.

"Kai ka taɓa kwashe gawar kaji da shebur, Sabulu?"

Bai taɓa ba.

Ta dube shi daga takalmi mai sheƙi zuwa aljihun gaba, inda kan ƙarfen nan ke leƙowa. Sai ta ce za ta raba ɗakin biyu da ragar waya, kowane ɓangare da tankinsa.

"Ɗaya nawa, da maganina. Ɗaya naka, da ruwan Allah da dogon turancinka. Kai za ka kula da su da hannunka, ba ma'aikatanka ba. In naka suka kai kasuwa kamar nawa, zan tara maka 'yan ƙungiya, ka cusa audugarka inda ka ga dama."

"In ba su kai ba fa, Gwaggo?"

"Ka zauna ka ci abin da na dafa. Ka bar ƙarfen nan a mota. Kuma kada in sake jin zancen ƙwayar cuta a gidan nan har in koma ga Allah."

Baba Direba ya rage muryar rediyo ya ce shi shaida ne. Gwaggo ta ce ba a tambaye shi ba.

A ofis mataimakiya ta ce wannan ai gwajin da suke mafarki ne: kaji iri ɗaya, abinci ɗaya, rufi ɗaya, magani kaɗai ya bambanta su. Abu guda ne bai kwanta mata ba. Ta ce ita ba ta taɓa ganin gwajin da ya tsira a hannun dangi ba. Ya ce danginsa ba sa ha'inci. Ta ci gaba da jera farantan gwajinta.

Haka shugaban sashe guda ya koma mai wankin mazubin ruwa. Da sassafe yana gonar cikin takalmin roba, buroshi a hannu. Ya goge mazubi har cikin lungu, ya kwashe jiƙaƙƙiyar dusar katako ya shimfiɗa busasshiya, ya ajiye kwanon ruwan wanke ƙafa a bakin ƙofa. Ya isa ofis da wani irin ƙamshi da ke sa a buɗe tagogi ba tare da an haɗa ido ba. Ranar wani babban taro ya gama jawabinsa tsaf, gashin tsako maƙale a kwalarsa, ba wanda ya iya gaya masa.

Da farko Gwaggo ta ragar waya take kallonsa tana tsaki. Ba a jima ba sai ga ta da buroshin da ya fi nasa girma. In ya wanke sau ɗaya, ta wanke sau biyu. In ya sauya dusa, ta sauya, ta haɗa da yanar gizo-gizon rufi. Kwanon wanke ƙafarta ma baho ne. Ta ce kada ya ɗauka koyi take, ita dai yaron da ta yi wa wanka ba zai zo gidanta ya fi ta tsafta ba.

An rasa 'yan tsiraru a kowane ɓangare, kamar yadda aka saba. Amma wata safiya ya tarar da nasa sun yi laushi, sun taru a kusurwa, fukafukai a sake. Ya tsuguna a kansu ya daɗe. Janareta ya faɗo masa a rai, da mutanensa da za a watsa. Da ya ɗago, Gwaggo na tsaye bayan raga tana kallonsa. Ba tsaki, ba gori. Ta juya ta tafi.

Da zai fita Baba Direba ya yafito shi, ya duba hagu da dama, ya ce masa a hankali, "Kada ka damu, ɗana. Ina bayanka."

Dakta ya ɗauka addu'a ce, ya ce amin.

Kajin suka warware. Suka yi ƙirji, suka yi nauyi, suka fara ture juna a kan abinci. Na Gwaggo ma haka. Dakta ya fara yin fito da baki a mota. Yana goge mazubi yana tsara jawabin da zai yi wa 'yan ƙungiya, har da inda zai ɗan dakata don a tafa.

Ana dab da kai kaji kasuwa mataimakiya ta kira shi ɗakin gwaji, ta rufe ƙofa. Farantai biyu ne a gabanta, irin ƙananan nan masu murfi da suke shuka ƙwayoyin cuta a ciki. Aikin ba wuya. A shafe faranti da ƙwayoyi, a ɗiga ruwan da ake son gwadawa a tsakiya, a sa a akwatin ɗumi. In akwai magani a ruwan, sai a ga fili fes ya zagaye ɗigon kamar an share, ƙwayoyi sun kasa matsowa. In babu, su lulluɓe farantin gaba ɗaya. Ta ce ta gwada ruwan tankunan biyu ne don cika ƙa'ida kawai.

Faranti ɗaya da fili mai faɗi a tsakiya. Ɗayan ko alama babu.

Ya nuna mai filin ya ce wannan na Gwaggo ne. Ta ce nasa ne.

Ya ce an yi musayar lamba. Ta ce ita ma haka ta zata, shi ya sa ta je da ƙafarta ta sake ɗibowa, ta kuma sake. Har kashin kajin ta duba: ƙwayoyin ɓangarensa sun fara raina maganin, na ɓangaren Gwaggo da sauran kunya.

"Oga," in ji ta, yau har da ɗago kai, "ko dai tankinka na haihuwar magani, ko kuwa kana da masoyi."

Ya sa farantan a akwati ya ja mota. Rana tsaka ce, lokacin da bai taɓa zuwa gonar ba. Ya ajiye motar a titi ya shiga da ƙafa.

Gwaggo na tsaye kan benci a jikin tankinsa, ta ci ɗamara, murfi a hannu ɗaya, cokali a ɗaya. Ta gan shi. Ba ta razana ba. Ta karkaɗe cokalin a bakin tankin, ta mayar da murfi, sannan ta tambaye shi ko ba shi da aikin yi ne a ofis.

"Gwaggo, tun yaushe?"

"Tun ranar da na ga ka tsuguna a kansu kamar an yi maka rasuwa." Ta sauko daga bencin ba tare da ta karɓi hannun da ya miƙa mata ba. "In zuba ido su mutu, 'yan ƙungiya su yi maka dariya? Ni kaɗai ke da izinin yi maka dariya."

Ya ce to ai kanta take kayarwa ke nan, in nasa suka rayu ita ta faɗi. Ta ce wannan kuma ruwanta ne.

Ya jera farantan a kan bencin ya nuna mata yadda ake karantawa. Ba ta sha wahalar ganewa ba: fili, akwai magani, ba fili, babu. Ta ɗora yatsa kusa da mai filin ta ce to ga nasa, ta amsa laifinta, nata ma ai haka zai nuna. Ya turo mata ɗayan. Ya ce wannan ne nata.

Ta dubi farantin. Ta ɗaga shi sama ta duba ta ƙasa. Sannan a hankali ta juya wajen bishiya.

Daga motar Baba Direba, muryar rediyo ta ƙaru.

Ba ta kira shi ba, tsayawa kawai ta yi. Baba Direba ya jure iya jurewarsa, sannan ya kashe rediyon, ya fito, ya zagaya bayan motar ya ɗaga but. Gwangwanayen madara ne jere a ciki, kowanne cike da garin magani, an rufe bakinsu da leda. Ya ce shi bai zubar ba, don ba ya son ɓarna.

Ya ce tun da ya aure ta bai taɓa ganin an kayar da ita a gardama ba. Ba shi ba, ba 'yan kasuwa ba, ba likitan ƙafarta ba. Yana so ya gani sau ɗaya kafin ya mutu. Ya lissafa cewa in ya hana nata magani za su zube, na yaron nan su ɗan fi su, shi ke nan. Kullum da safe yana leƙawa ya ga ko sun fara, sai ya tarar sun ƙara ƙiba.

"Kajin ma bayanki suka bi," in ji shi, kamar zai yi kuka.

Dakta ya kifa bokiti ya zauna a kai. Mutum biyu, kowanne ya yi ha'inci saboda shi. Ɗaya ta tabbata kajinsa za su mutu in ba magani. Ɗayan ya tabbata kajinta za su mutu in ba magani. Duk bayanin da ya yi a durƙushe, ko ɗaya bai shiga ba. Ya faɗi hakan, murya ƙasa-ƙasa, yana kallon takalminsa.

Gwaggo ta ce shi ma dai da neman abin da ba a samu, wa zai yarda da maganar yaron da ya sha goyo a bayansa. Baba Direba ya ce shi ya yarda da shi ɗari bisa ɗari, maganar tasa ce dai bai yarda da ita ba.

Dakta ya ce musu gwajin ya lalace. Ba zai rubuta shi a rahoto ba, ba kuma zai tsaya gaban 'yan ƙungiya ya ce ya ci ba, don bai ci ba. Kajin da ya yi alƙawarin rainowa ba magani, da magani suka girma. Yana faɗa yana jin ƙarar janareta a kunnensa.

Gwaggo ba ta saurare shi har ƙarshe ba. Ta tsoma ƙafafu a bahonta ta shiga ɓangarenta. Ta cafko kaza ɗaya, ta jinjina ta, ta taɓa ƙirjin, ta buɗe fiffike, ta duba ido. Ta sake ta ta kamo wata. Daga ciki ta ɗaga murya ta tambayi mijinta ko tun ranar farko. Ya ce tun ranar farko. Ko cokali ɗaya? Ya ce ko rabi.

Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta riga ta yanke hukunci, kuma ba ta nemi shawara ba. Ta ce Sabulu ya faɗi, tunda kajinsa sun sha magani, ko ma wa ya ba su. Saboda haka zai ci abinci. Ita kuwa ta raini kaji tun daga tsako har kasuwa ba ko ƙwarar magani, abin da ba ɗan ƙungiyar da ya taɓa yi, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta ɓoye wannan baiwa ba.

Ranar taron ƙungiya ta shiga da kaza a kowace hammata. Ta ɗora su kan tebur ta ce kowa ya zo ya taɓa. Ta ce ita da kanta ta zauna ta yi tunani, ta ga buroshi ya fi cokali. Ta ce tana da wani ɗa a gwamnati, yaro ne mai son koyo, zai riƙa zagayawa da audugarsa yana ganin yadda ake kiwo. Ba ya rufe gona, ko ƙofar mota ba ya iya rufewa da kyau. Wanda duk ya sakar masa kare, da ita yake. Dakta na tsaye a baya, jawabinsa mai wurin tafi na cikinsa. Bai gyara mata ko kalma ba. Kafin a tashi hannuwa sun ɗagu, wasu da sauri, wasu bayan Gwaggo ta dube su. Mataimakiya ta ce za a maimaita gwajin da sababbin 'yan tsaki, amma wannan karon da kwaɗo a kan kowane tanki, makullai kuma a jakarta. Gwaggo ta ce wannan rashin yarda ne. Mataimakiya ta ce ƙwarai kuwa.

Saura abinci.

Dakta ya zo da yamma, ya bar ƙarfen a mota kamar yadda aka yi alƙawari. Gwaggo ta tare shi a tsakar gida da wuƙa a hannu ta tambaye shi daga wane ɓangare za a yanka.

"Naki."

"Ban ji ba."

"Naki, Gwaggo. Nawa da magani a jikinsu, sai ya fita tukuna."

Ta juya wajen bishiya ta ce Baba ya zama shaida. Ya ce ashe dai za a tambaye shi wata rana.

Da kazar ta sauka, da kanta ta kawo masa ruwa da sabulu sabo a takardarsa. Ya wanke sau ɗaya ya tsaya. Ta ce ya ƙara, ta san ransa na so. Ya ƙara. Ya zauna gaban farantin, tururi na tashi, hannunsa ya kai aljihun gaba da kansa ya tarar ba komai. Ta gani. Ta ce ya tashi ya ɗauko shi.

Da ya kawo ta karɓe. Ta juya shi sama da ƙasa, ta goge da bakin zane, ta soka a cinyar kazar har gindi, kamar mai ramuwa. Ta ƙura wa lambobin ido. Ba ta san abin da suke nufi ba, ba kuma za ta nuna ba. Ta juya masa fuskar ƙarfen.

"Me ya ce?"

"Ya ce ta dahu."

"Ya taimaki kansa."

Ta zare shi ta jefa cikin kwandon cokula. Dakta ya ɓalli cinyar, tana ƙona masa yatsu, ya kai baki. Gwaggo ta ja kujera ta zauna a gabansa, ta harɗe hannuwa, ba ta da niyyar tashi sai ta ga ƙashi.